Yadda Ake Gane Iyakar Lodin Hilux da Land Cruiser, da Abin da Za Su Iya Ja

Motocin shiga daji irin su Hilux, Land Cruiser, Prado, Patrol da L200 sun yi suna wajen juriya, kuma sunan nan ne ke jawo musu wahala. Mai mota yana ganin tunda ta hau tudu da buhu ashirin na taki ba ta yi tari ba, to lodinta ke nan. Alhali inji shi ne na ƙarshe da ke nuna gajiya. Inji mai lafiya, in aka saka shi a ƙaramar giya, zai motsa ninkin abin da aka ƙera motar ta ɗauka. Masu shan azabar su ne birki, taya, boris, sifirin da shasi, kuma su ba sa kuka da wuri. Ranar da za su nuna sun gaji, yawanci a gangara ne, ko a tsakiyar daji inda babu bakanike. Kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya rubuta iyakarta, ya manna a jikinta. Abin da ya rage maka shi ne ka nemo ta, ka yi lissafin debewa, sannan ka ƙara rage wani abu saboda irin hanyar da za ka bi.

Fara da farantin da ke jikin motar

Buɗe ƙofar direba, ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. In ba ka ga komai ba, leƙa ɓangaren fasinja, ko ka ɗaga bonet. Za ka tarar da ɗan farantin ƙarfe ko takarda mai gam, ɗauke da lambar shasi da wasu alƙaluma. Goge ƙurar da tsumma, ka ɗauki hotonsa da waya, don za ka riƙa komawa gare shi.

A motocin da aka yi wa kasuwar Turai, alƙaluma huɗu ne a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da kg a gefensa. Na farko shi ne iyakar nauyin motar gaba ɗaya: ita kanta, da mai, da mutane, da kaya. Na biyu, wanda ya fi kowanne girma, iyakar nauyin motar ne haɗe da abin da take ja. Na uku, mai lamba 1 a gabansa, iyakar aksul ɗin gaba ne, na huɗu mai lamba 2 kuma na baya. A littafin mota za ka ga ana rubuta na farkon GVM, na biyun GCM. Idan takardunka da Faransanci suke, kamar na Nijar, PTAC da PTRA za ka gani a madadinsu.

Tokumbo daga Amurka, irin su 4Runner, Tacoma da Tundra, nasu rubutun daban ne: GVWR shi ne iyakar motar, GAWR kuma na kowane aksul. Su ma suna da wata takarda ta biyu kusa da wannan, wadda ke faɗin iskar taya, kuma a samanta an rubuta kai tsaye jimillar nauyin mutane da kaya da bai kamata a wuce ba. Ka lura ko da kg aka rubuta ko da lbs, wato fam. Fam ɗaya na Amurka bai kai rabin kilo ba, 0.454 ne, saboda haka 4Runner da aka ce tana jan 5,000 tana nufin kilo 2,268.

Kada ka ɗauki alƙaluman motar wani ka yi aiki da su don sunan motocinku ɗaya. Hilux tun 1968 ake ƙera ta, kuma ko a shekara ɗaya akwai mai gida ɗaya da mai gida biyu, mai fetur da mai gas, mai jan baya kawai da mai jan taya huɗu. Mai injin fetur 2.7 da ta cika ma'aikatu da kamfanoni a Najeriya ba ta kai mai gas 2.8 iyakar ja ba.

San nauyin motarka yadda take a yau

Littafi zai gaya maka nauyin motar ranar da ta fito daga kamfani. Motarka ba haka take yanzu ba. An sa mata bamba na ƙarfe, an yi mata waldar kariyar ɗora kaya a rufi, an ƙara safaya ta biyu, akwai jak da akwatin sifanu da suka zama 'yan gida a bayan kujera. Duk wannan daga cikin lodinka ake cirewa.

Hanya mafi inganci ita ce sikelin da mota ke hawa. Ana samunsa a masana'antun shinkafa, wuraren fasa dutse, da kamfanonin da ke sayen riɗi da waken soya, kuma in ka yi magana da mai kula da shi lokacin da babu layi, da wuya ya hana ka. Cika tanki, ka bar duk abin da ba ya fita daga motar, ka hau kai kaɗai. Rubuta adadin. Sannan ka ja baya har tayoyin gaba kaɗai su rage a kan sikelin, ka rubuta. Debe wannan daga jimilla, ka sami nauyin baya. Wannan awo guda ɗaya zai yi maka amfani na shekaru, muddin ba ka ƙara wa motar wani ƙarfe ba. In kuma ka samu dama, ka sake hawa ranar da ka yi lodin da ka saba yi. Mutane da yawa a nan suke fara yarda da maganar.

Lissafin abin da ya rage

Mu ɗauki Hilux mai gida biyu, mai jan taya huɗu, wadda farantinta ya ce 3,050, nauyinta kuma daga kamfani wajen 2,100. Tazarar 950 ce. Wannan shi ne “tan ɗaya” da dillali ke faɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba.

Mu ce ƙarafan da aka ƙara mata da safaya da kayan gyara sun kai 170. Saura 780. Maza biyar sun shiga, kowanne a ƙaddara masa kilo 75, an tafi da 375. Saura 405. An ɗora jarka biyu ta gas mai lita 25. Litar gas wajen kilo 0.84 ce, don haka da nauyin jarkokin a ce 45. Jarkar ruwa ɗaya, 25, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce cif. Abin da ya rage 335. Buhun taki ko na siminti kilo 50 ne, wato buhu shida ke nan. Idan kuwa direba da yaronsa ne kawai a ciki, za a iya kaiwa buhu goma sha ɗaya. Masara mai buhun kilo 100 sai ka raba adadin biyu.

Masu manyan jif su ma su yi wannan lissafi, don abin zai ba su mamaki. Land Cruiser 200 tana da girma da ƙarfin inji, amma ita kanta ta kusa tan 2.7, iyakarta kuma 3,350 a kasuwanni da dama. Tazarar ba ta wuce kilo ɗari shida da wani abu ba. Manya takwas sun kusa cinye ta kafin a sa jaka ko ɗaya. Ƙaramar Suzuki Jimny kuwa, duk da iya hawanta, abin da za ta ɗauka har da direba wajen kilo 350 ne kawai.

Akwai masu kafa hujja da Hilux ɗin da ke tashi daga Agadas su ratsa Sahara zuwa Dirku, da mutum ashirin ko fiye a baya, ga jarkoki rataye ta ko'ina. Gaskiya ne suna yi. Amma duk wanda ya san wannan hanya ya san yadda motocin ke saurin tsufa, ya kuma san abin da ke samun mutane idan aksul ya karye nesa da rijiya. Wannan ba abin koyi ba ne. A Najeriya ma obalodi laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke kamawa a kai, ko da yake ni ba tarar ce ke damuna ba.

Inda kayan ke zama

Za ka iya kasancewa ƙasa da iyakar motar gaba ɗaya, amma ka wuce ta aksul ɗin baya, kuma a-kori-kura mai gida biyu ta fi kowace mota faɗawa wannan tarko. Tsaya a gefenta ka dube ta da kyau. Gidan fasinja ya cinye tsakiyar motar, sai aka tura bodin baya, har kusan rabinsa ko fiye yana bayan tayar baya. Duk kayan da ya zauna bayan aksul yana danna baya fiye da nauyinsa, yana kuma ɗage gaba. Kamar kurar ɗan garuwa ce: in aka tara jarkoki a ƙarshe ɗaya, ɗaya ƙarshen tashi yake yi. A mota, gaban da ya yi sauƙi shi ne wurin sitiyari da mafi yawan birki.

Saboda haka mai nauyi ya fara shiga, a tura shi har ya jingina da bayan gidan direba, a ƙasa, a raba shi daidai tsakanin hagu da dama. Mara nauyi ya zauna wajen ƙofar baya. Janareto, durom ɗin mai mai lita 200, batura, duk gaba. Kada a buɗe ƙofar bodi a shimfiɗa ta don a ƙara wuri a ɗora buhuna. Nauyin da ke can ƙarshe, idan motar ta faɗa rami da gudu, shi ne ke lanƙwasa shasi a daidai tsakanin gida da bodi. Wanda ya taɓa ganin a-kori-kura da bodinta ya buɗe daga sama kamar za ta rabu biyu ya ga sakamakon haka.

Ɗaure komai da bel mai ƙarfe ko igiya mai kyau, ta yadda ba zai zame ba in an taka birki. Dabbobi sun fi buhu wuya, don suna motsi, kuma a kwana duk gefe ɗaya suke komawa. A rage adadinsu, a ɗaure su gajere.

Rufi kuma ba bodi ba ne. Yawancin motocin nan abin da aka yarda a ɗora a samansu tsakanin kilo 75 ne zuwa 100 ko kusa da haka, har da nauyin kariyar kanta, wasu ma ƙasa da haka sosai. Katifa, tabarma, tanti, babu laifi. Jarkokin mai da safaya biyu a sama kuwa suna ɗaga tsakiyar nauyin motar, kuma mota mai tsayi dama can ba ta da wuyar kifewa a hanyar da ta karkace.

Bayan an gama lodi, durƙusa ka leƙa saman aksul ɗin baya. Akwai wani dunƙulen roba a jikin shasi, wanda aikinsa tare aksul in sifirin ya kai ƙarshe. Dole ka ga sarari tsakaninsa da aksul. In ya kusa taɓawa mota tana tsaye, to a hanya babu sauran sifirin, duk ramin da aka faɗa ƙarfe ne zai bugi ƙarfe. Dubi ganyen sifirin ma: in ya miƙe sak ko ya fara lanƙwasa ta ƙasa, sauke kaya.

A nan ne ake cewa a kai wa maƙera su ƙara ganye biyu. Ƙarin sifirin yana hana baya zama, yana sa motar ta yi kyan gani da lodi, kuma in ana ɗaukar kaya kullum cikin iyaka yana da amfani. Amma bai ƙara wa aksul kauri ba, bai canza boris ba, bai faɗaɗa birki ba, bai ƙara wa shasi ƙarfi ba. Haɗarinsa ma shi ne ya ɓoye alamar da ido ke gani, sai mai mota ya ci gaba da ɗorawa tunda ba ta zauna ba. Alƙaluman faranti suna nan yadda suke ko an ƙara ganye goma.

Taya

A gefen kowace taya, bayan girmanta, akwai lamba da harafi, misali 265/65R17 112S. Wannan 112 ɗin ma'aunin lodi ne, yana nufin kilo 1,120 a kan taya ɗaya. 110 na nufin 1,060, 116 na nufin 1,250, 120 kuma 1,400. Ninka biyu, ka tabbata ya kai ko ya wuce iyakar aksul ɗin baya. Tayar da aka rubuta wa LT ta fi kauri a gefe, ita ta dace da lodi da hanyar duwatsu. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar kwance da ta daɗe, ko zanenta na da kyau, zafin kwalta da nauyi tare suna iya fasa ta.

Adadin lodin nan yana aiki ne kawai in iskar ta cika. Gwada da geji da safe kafin a yi tafiya, ka bi adadin da takardar ƙofa ta bayar na cikakken lodi, wanda galibi ya fi na mota mara kaya a tayoyin baya. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne.

Yanzu maganar ja

Littafin mota yana ba da adadi biyu na ƙaramar tirelar da ake ɗaura wa mota. Babba, wanda ake talla da shi, na tirela ce mai birkin kanta: 3,500 a Land Cruiser 79 da sababbin Hilux masu gas a wasu ƙasashe. Ƙarami na tirela ce mara birki, kuma a kusan duk motocin nan 750 ne, har da nauyin tirelar kanta.

Wannan ƙaramin shi ya shafi yawancinmu, domin abin da mai walda ke haɗawa da tsohon aksul ɗin mota ba shi da birki. Ɗauki tankin ruwa mai lita 1,000 da ake kaiwa gona ko wurin gini. Ruwan kaɗai tan ɗaya ne. Ƙara ƙarfe da tayoyi da tankin, mu ce 300, ka kai 1,300, kusan ninki biyu na abin da aka yarda. Motar za ta ja shi ba tare da ta ji ba. Matsalar sai an zo tsayawa, lokacin da tan ɗaya da wani abu ke turo ta daga baya, birkinta kaɗai ke riƙe duka. Tankin da aka cika rabi ma ya fi cikakke hatsari ta wani ɓangaren, don ruwan na kai-komo, ka taka birki ya bugo gaba, ka sha kwana ya koma gefe. In tankin ya wuce iyaka, a nemi ƙarami a cika shi, ko a sa wa tirelar birki. Haka injin kwaɓa kankare, babban janareto da injin casa.

Ko da tirelar na da birki, 3,500 ɗin da sharaɗi take. Koma ga adadi na biyu a faranti. A Hilux ɗin misalinmu, irin wadda ake sayarwa a Ostireliya, 5,850 ne. Debe 3,500, saura 2,350 wa motar da duk abin da ke cikinta. Ita kanta 2,100 ce. Kilo 250 ya rage: mutum uku, babu kaya, babu bamba na ƙarfe. Ba a cika bodi kuma a ja cikakkiyar tirela a lokaci guda; zaɓi ɗaya ake yi, ko a rage duka biyun.

Sai nauyin da bakin tirela ke ɗorawa a kan ƙugiya. Ya kamata ya kasance wajen kashi goma cikin ɗari na nauyin tirelar. Amurkawa na cewa goma zuwa sha biyar, Turawa na yin ƙasa da haka. In ya yi kaɗan tirela za ta riƙa lilo, in ya yi yawa gaban mota zai ɗage. Wannan nauyi cikin lodin motarka yake shiga, a cire shi kamar yadda aka cire fasinja. Kuma tunda ƙugiyar na can bayan aksul da fiye da mita ɗaya, a motar da tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ya ɗan haura mita uku, kilo 300 a ƙugiya yana zama wajen 420 a aksul ɗin baya, gaba kuma ya rasa wajen 120. Ga ƙaramar tirela, za ka iya auna shi da sikelin awon hatsi: sa guntun katako a tsaye tsakanin sikelin da bakin tirelar, daidai tsayin ƙugiya, a wuri mai lebur, bayan an sa wa tayoyin waigi. Wajen lodin tirela, kusan kashi sittin na kayan ya zauna gaban aksul ɗinta.

Ƙugiyar kanta tana da nata farantin, kuma mafi ƙanƙantar adadi tsakanin mota, ƙugiya da tirela shi ne iyakarka. Ƙugiya ta gaskiya da kusoshi ake ɗaure ta a shasi, a ramukan da kamfani ya tanada. Wadda aka yi wa walda a jikin bamba ba ta da adadin da kowa ya gwada. A sa sarƙa biyu tsakanin mota da tirela, a gitta su ta ƙarƙashin bakin, don in ya kuɓuce su tare shi kada ya caki ƙasa. A haɗa fitilar birki da sigina. In babu waya, aƙalla a manna abin ƙyalli a baya, kuma kada a yi tafiyar dare.

Wani abu da ya kamata mai shirin sayen mota ya sani: yawan iya shiga daji ba ya nufin yawan ja. Sau da yawa ma akasin haka ne, domin sifirin mai laushi da ke barin taya ta bi rami da tudu ba ya son nauyi. Ford Ranger ta gama-gari tana jan 3,500, amma Ranger Raptor, wadda aka yi don gudu a daji, 2,500 ce iyakarta. Jeep Wrangler mai ƙofa biyu fam 2,000 kawai aka yarda mata, kilo 907 ke nan.

In an sauka daga kwalta, a rage

Duk alƙaluman nan a kan titi mai kyau aka gwada su. A Amurka akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807, inda ake sa mota ta hau doguwar hanyar Davis Dam a jihar Arizona da tirela, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da AC a kunne. Gwaji ne mai tsanani, amma kwalta ce sumul. Babu gargada, babu rairayi, babu kwazazzabo.

Littafin tsohuwar Land Rover Defender ya fito da bambancin fili: kilo 3,500 a kan titi, 1,000 kacal a daji ga tirela mai birki, mara birki kuma daga 750 ta sauko 500. Kamfanoni da yawa ba su rubuta irin wannan ba, amma dalilin ɗaya ne a kowace mota. Idan taya ta faɗa rami, nauyin da ke kanta na ɗan lokaci yana ninkawa. Burji mai gargada yana dafa shokazoba har ta daina aiki, yana kwance noti. A nawa ganin, wanda zai bi hanyar fadama da damina ko yashin arewacin Yobe da Damagaram ya tsaya a kashi uku cikin huɗu na lodin bodi, tirela kuma kada ta wuce sulusin babban adadin.

A yashi ana rage iska don taya ta baje, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai tayar da aka rage wa iska lodinta ya ragu, kuma tana zafi da sauri. A tafi a hankali, a guji juya sitiyari da ƙarfi, a mayar da iskar da zarar an hau ƙasa mai tauri. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya rage.

Tsayin ƙasa ma yana cin ƙarfin inji, musamman mai fetur mara turbo, wanda ke rasa kusan kashi goma a kowace mita 1,000. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila ya fi haka. Lodin da mota ta ja cikin sauƙi a Lafiya za ta ji shi a Hawan Kibo.

A kan hanya

Tsaya bayan 'yan kilomitoci na farko, ka sake jan igiyoyi, don kaya na zama su saki. Kusantar da bayan hannunka ga tsakiyar kowane wili, na mota da na tirela. Ɗumi ba komai. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, boris ne ko birki ke kamawa, kada ka ci gaba.

Rage gudu, ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi, balle da nauyi. A hawa, sauko da giya tun kafin inji ya fara nishi, ido a kan allurar zafi. Mai otomatik ya cire ta daga babbar giya, don yawan canje-canje na dafa man giyabos. Wajen tashi da nauyi a tudu ko a taɓo, sa 4L, wato ƙaramar giyar jan taya huɗu, maimakon ƙona kuloci. Amma motar da ake sa wa jan taya huɗu da hannu, kamar Hilux da Land Cruiser 79, a mayar da ita 2H, wato jan baya kawai, in an hau busasshiyar kwalta.

Gangara ita ce ke kisa. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ko ƙasa da ita, tun daga sama. Taka birki da ɗan ƙarfi, gudu ya ragu, ka saki ya huce. Kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Kada ka kuskura ka sa firi don tsimin mai. In ka ji ƙauri ko birki ya fara laushi, nemi wuri ka tsaya, ka sa waigi, ka jira.

Idan tirela ta fara lilo, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin gyara ta da sitiyari. Riƙe shi sak, ɗaga ƙafa daga totur a hankali har ta lafa, sannan ka tsaya ka matsar da kaya gaba.

Jan motar da ta lalace ko ta kafe

Motar da injinta ya mutu birkinta da sitiyarinta sun yi tauri, don haka wanda ke cikinta ya san sai ya taka da ƙarfi. A buɗe makulli don sitiyari kada ya kulle. Sandar ƙarfe ta fi igiya; in igiya ce, a riƙe ta a miƙe, a tafi a hankali, kuma zuwa gareji mafi kusa kawai. Mota mai otomatik, ko mai jan taya huɗu a kowane lokaci kamar Prado, ba a jan ta nesa tayoyi a ƙasa, giyabos zai lalace. Ko a kwance farfela, ko a kira janwe mai ɗauka a baya.

Wadda ta kafe a laka kuwa, ƙarfin da ake buƙata kafin ta fito yana iya wuce nauyinta. Sauke kayan tukuna, a cire tirela, a haƙe gaban tayoyi da shebur, a rage iska. Sau da yawa wannan ya isa. In sai an ja, kada a rataya igiya a kan ƙwallon ƙugiyar tirela. Ba a yi shi don fizga ba. Yana karyewa ya taho da gudun da ke fasa gilashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Ƙananan zobban da ke ƙarƙashin mota, waɗanda aka yi don ɗaure ta a jirgin ruwa, su ma ba wurin ja ba ne. A nemi ƙugiyar da aka ɗaure a shasi da manyan kusoshi. Ba a fizga da sarƙa ko wayar ƙarfe, don ba sa miƙewa. Da su a hankali ake ja. A yafa bargo ko buhu mai ɗan nauyi a tsakiyar igiyar don ya kwantar da ita in ta tsinke. Mutum ɗaya ne zai ba direbobin biyu alama, sauran jama'a, musamman yaran da ke taruwa kallo, a kore su gefe, nesa da aƙalla ninki ɗaya da rabi na tsawon igiyar, kafin a taka totur.